Firjin Marigayi

A wata unguwa, can wani lokaci, mutane suka haɗa hannu suka kafa sola da babban batir guda, kowane gida yana jan wuta. Kullum rana ta cika batirin, kullum kafin magariba ya mutu. Yara su kasa karatu, kowa ya zargi maƙwabcinsa.

Sai Malama Rakiya, mai kula da batirin, ta bi gida-gida tana sa wata manhaja a waya, mai nuna yawan wutar da gida ke ja. Kowa wutar gidansa kaɗai yake gani.

Akwai wata tsohuwa, Inna Kuluwa, wadda ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba. Ta ce, "'Yar nan, ni ƙwan lantarki ɗaya nake kunnawa. Je ki binciki masu talabijin!"

"Inna, duba dai da idonki."

Ta duba. Ga hoton tulu a wayar, yana ta tsiyaya, alamar gidanta na shan wuta. Aka kashe ƙwan, tulu bai daina ba. Sai suka ji gurnani daga ɗaki. Tsohon firjin marigayi mijinta ne. Babu komai a cikinsa, ƙararsa ce ke ɗebe mata kewa.

Malama ta ce, "Ba wanda zan gaya wa. Ya rage naki."

Inna ta daɗe tsaye, hannunta a kan murfin. Can ta ce da marigayin, "Malam, ka yi haƙuri," ta kashe firjin. Tulu ya daina tsiyaya.

Da magariba ta leƙo ƙofar gida. Wuta gida bayan gida, har ƙarshen layi, ga muryoyin yara suna karatu. Inna ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Ashe duk hasken nan a ɗakina yake kulle?"