Irin Yalon Lambasa

Magariba ta kawo jiki. Hamidan tana zaune a ƙofar kicin tana murza ƙullin gurasar roti, mijinta Jainul yana bayan gida yana ba shukarsa ruwa, kwaɗi sun fara kuka a kwalbatin unguwa kamar kowace yamma a garin Nausori. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya dire kusa da ƙafarta. Baƙin dutse ne, kamar dunƙulen hannu. Ta ɗauka za ta jefar, ta sake shi da ihu. Dutsen da zafi, kamar yanzu aka tsamo shi daga wuta.

Ta san dutsen, kuma ta san inda ya fito.

Lokacin da hayar gonarsu ta rake ta ƙare a Lambasa, masu ƙasa suka ƙi sabuntawa, Jainul ya ƙetaro teku da matarsa, da 'yarsu tilo Ruksana, da ƙullin irin dogon yalon nan mai duhu wanda ubansa ya gada daga kakansa. Mutumin da ya saba da gona iyakar ganin ido, yanzu ga shi da bayan gida wanda tabarmi kaɗan za su rufe. Hamidan ta ba shi shawarar lambu. Ta ce ƙasar nan ba ta rabuwa da ruwa, a sa gwaza da kabewa, a kafa zogale a jikin shinge, barkono kuma a cikin tsofaffin bokitai.

"Gwaza abincin waɗanda suka kore ni ne," in ji shi. "Yalon ubana zan shuka."

Yalo kuwa ba ya son jiƙa. Wuri ɗaya ne mai tudu da baƙar ƙasa a duk gidan, wato tsohon ramin lobo, inda mutanen da suka riga su zama suke gasa duwatsu su binne abinci a kai. Ranar da ya sa shebur a wurin, Bubu Mereoni, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo ta shinge.

"Ɗana, ba a tone murhun da ba kai ka haƙa ba. Kawo saiwar yangona, wadda ake kai wa masu ƙasa gaisuwa, a nemi izini tukuna."

"Bubu, a Lambasa na kai yangona, na durƙusa, na tafa hannu, aka kore ni duk da haka. Na gama roƙon ƙasa."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Sai dai a gidan Jainul ba shi ne ya ji hohon ba, domin ko dutse ɗaya bai ɗauka da hannunsa ba. Ruksana ya tsayar, yarinya tana haramar jarrabawar gama sakandare, ya sa ta kwashe duwatsun kaf ta zuba a kwalbati.

Tun daga yammar da dutsen farko ya faɗo, jifa bai fasa ba. Rana tana sunkuyawa, duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Daga baya aka soma kiran Ruksana daga cikin ganyen yalo, da muryar Hamidan, alhali Hamidan tana tsaye kusa da ita bakinta a rufe. Tafin hannun yarinyar ya tashi bororo. Ta daina ci, ta daina magana, jikinta yana warin hayaƙi da ƙonannen ganyen ayaba. A asibiti aka naɗe hannun, aka ce ba a ga komai ba. Abin da ya fi cin ran Hamidan shi ne yalon. Kullum yarinya tana ramewa, shi yana ƙara baƙi da sheƙi, Jainul kuma yana zagaya shi da safe yana shafa ganyen.

Hamidan ce ta je ta ɗauko Maulabi Yasin, wani ɗan tsamurmurin tsoho da ke koyar da karatu a masallacin bakin kogi. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a gaban Ruksana, ya yi ta karatu yana tofa mata har inuwa ta cika ɗakin. Kwaɗin waje suka yi tsit. Yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana da muryar wani ƙaton namiji.

"Ya isa haka, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Murhuna ta watsar. A nan nake dafa wa 'ya'yana tun kakan ubanta bai sauko daga jirgin da ya kawo shi ƙasar nan ba. Hannun da ya kwashe, shi nake so."

"Ba za ka samu ba. Aiko ta aka yi. Faɗi wani abin."

Aka daɗe ana ja, Maulabi yana karatu, muryar tana gurnani. Can ta sauko.

"A tuge abin da aka shuka. A mayar da duwatsuna kafin duhu ya rufe. Sai in tafi."

Hamidan ta yunƙura za ta tashi. Jainul ya riƙe mata gefen mayafi, ya matso kusa da Maulabi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciniki a kasuwa.

"Maulabi Sahib, a tambaye shi mana. Yalon ya riga ya yi 'ya'ya, saura ya ƙosa in ɗebi iri. Shi ke nan wanda ya rage a duniya. Ko zai ɗan jira?"

"Baban Ruksana!" in ji Hamidan.

Muryar ta tambaya a hankali, "In na jira, a ina zan jira?"

Jainul ya dubi hannun 'yarsa a naɗe, ya kawar da kai.

"Ai... yarinya ce, tana da ƙarfi. Ta jure har yau."

Dariyar da ta fito daga bakin Ruksana, Hamidan ba ta manta da ita ba har ta tsufa. Ta fizge mayafinta ta fita. Ta tuge yalon nan ɗaya bayan ɗaya har saiwa, tana kuka tana tsine masa. Ta shiga kwalbati har gwiwa tana lalubo duwatsu, kowanne yana cin hannunta a cikin ruwan. Bubu Mereoni ta miƙo mata jiƙaƙƙen buhu ta kan shinge. Ana kiran sallah ta ajiye na ƙarshe a ramin.

Da ta koma ɗaki, muryar ta yi laushi.

"Na tafi, tsoho, ba zan dawo ba. Amma tun da uban ya fara magana na buɗe mata kunnuwa. Wannan ne tukuicina."

Ruksana ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Jainul ya kawo ruwa a kofi.

"Sha, 'yata."

Ta dube shi da idonta na gaskiya, ta daɗe tana kallo.

"Ammi, ki ce wa mai yalo ya matsa. Ya tare mini iska."

Washegari da sassafe Hamidan ta hango shi tsugune a kan tulin shukar da ta tuge, yana tsaga 'ya'yan yalo da wuƙa yana tara iri a takarda. Fari ne fat, bai ƙosa ba. Ya shuka a bokiti, ko ɗaya bai tsiro ba.

Ruksana ta warke sarai, hannun ko tabo babu. Ta ci jarrabawa, ta yi karatun jinya, ta samu aiki a birnin Okland, can ƙasar waje. Duk Juma'a takan bugo waya, kuma da tambaya ɗaya take farawa.

"Ammi, mai yalo yana kusa?"

In aka ce yana nan, sai ta ce za ta sake kira.