Abin da Lawwali Ya Ɗauko Daga Kan Dutse

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wani ya jira in ce ga ta nan ga ta nanku. Kai Sagir, mai cika bakin ba ka tsoro, na ga ka naɗe ƙafa tun ban fara ba.

Kun san Lawwali mai hoto na bakin tasha, wanda ke tafiya a ɗan duƙe. Ba haka aka haife shi ba.

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, mahaifinsa Malam Barau yana kwance, jiki ya ƙi. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Da ya ji ana zancenta a zaure, sai ya kira Lawwali. Ya ce ya taɓa ganin irinta shi da marigayiya uwar Lawwali, suna amarci, kuma ba abin da yake so yanzu sai ya ƙara ganinta. Fitar da shi kuwa ba ya yiwuwa, ko juya shi aka yi sai ya suma. Lawwali ya ce zai kawo masa ita har kan shimfiɗa.

Faɗa da baki ba wuya. Tauraruwar da faɗuwar rana take bayyana, can ƙasa-ƙasa a yamma, kafin isha ta nutse. Ga shi ƙarshen damina ne, kullum hadari ya tare wajen. Lawwali ya yi ta fita yana dawowa hannu rabbana, tsoho kuma yana ƙara yin nisa. Ranar da sama ta washe, ranar tsohon ya daina karɓar ko ruwa. Gidaje da itatuwa sun rufe yamma, sai Lawwali ya saɓi kyamara ya nufi dutsen bayan gari, shi kaɗai, ana kiran magariba. Ba a hawan dutsen nan a wannan lokaci. Shi ma ya sani.

A can sama ya kafa kyamara kan sandunanta. Ga ta nan, fara tas, wutsiyar ta baje kamar tsintsiya. Irin wannan hoto sai an bar kyamara ta jima tana kallo, motsi kaɗan ɓata shi yake. Ga iska na kaɗawa. Na farko ya lalace. Na biyu ma haka. Tauraruwa tana ta yin ƙasa. Wallahi kuka ya fara, ƙato da gemunsa.

Sai aka yi masa sallama. Wani dattijo ne zaune a gabansa, jingine da dutse. Amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ƙafafun mutumin sirara, baƙaƙe ƙirin, kamar itacen da wuta ta ci.

"Samari, za ka ɗauke ni?"

Mai hoto, sau nawa yake jin wannan a yini? Ko kallon kirki bai yi masa ba, ya ce to Baba, bari ya gama da wannan. Dattijon ya tambaya ko alkawari ne. Ya ce alkawari ne. Nan take iska ta tsaya cak, hoto ya fito tsaf har bakin wutsiya.

Ya juya kyamara kan dattijon don cika alkawari. A cikin gilashin babu kowa, dutse kawai.

"Ba da wannan ba," in ji muryar.

Wani nauyi ya sauka a gadon bayansa. Hannuwa masu sanyi suka zagaye wuyansa. A lokacin ya gane wace ɗauka aka nema.

Mutumin ya ce irin wannan tauraruwa ce ta ƙone masa ƙafafu tun zamanin da, ba ya iya zama a fili tana sama. A kai shi tsohuwar maƙabarta ta gabas da gari ya fake. In kuwa aka sauke shi wani wuri, nan ya zama gidansa har abada. Da wannan nauyi, Lawwali ya san ba zai je ya dawo ba sai gari ya waye. Sai wayarsa ta yi ƙara, ƙanwarsa Uwale ce, ta ce Yaya ya zo yanzu, an fara laƙƙana wa Baba kalmar shahada.

Ya roƙi abin nan da girman Allah ya sauka, zai dawo. Abin ya ƙi. Ya kama addu'a, harshensa ya sarƙe. Sai ya juya wa gabas baya, ya nufi gida. Ya faɗi, ya tashi. Inda ƙafa ta gaza ya yi rarrafe, kyamara a ƙirji, gwiwoyi na jini.

Ya shiga ɗakin bai zauna ba, bai jingina da bango ba, don kada a ce ya sauke. Ya kai hoton gaban idon tsohon. Malam Barau ya daɗe yana kallo yana murmushi. Can sai idonsa ya bar hoton, ya tsaya a kafaɗar ɗansa. Mai barin duniya yana ganin abin da mu ba mu gani.

"Lawwali, wa ka goyo?"

Ya gaya masa, yana kuka. Tsohon ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"Bawan Allah, can za ni gobe, kuma ɗauka ta za a yi. Sauka daga bayan yarona, mu tafi tare."

Hannuwan suka saki. Malam Barau bai kai asuba ba.

Washegari aka ɗora shi a makara, mutumin da yaro ma zai iya ɗagawa. Majiya ƙarfin unguwa suka kama, suka kasa miƙewa. Sai da aka yi ta canjin hannu har maƙabarta, kafaɗu duk sun saɓule. Kawu Ilu na cikinsu, ku tambaye shi in kuna da ƙarfin hali.

Don haka kada in ji wani ya hau dutsen nan shi kaɗai da magariba, ko me ya fito a sama. In baƙo ya ce ku ɗauke shi, ku tambaya tukuna. Ba kowa ke da uban da zai karɓar masa kaya ba.