Zanen da Bai Kai Mu Ko'ina Ba

A ajin koyon katun da ke saman wani shagon buga takardu suka fara haɗuwa, dukansu ba su kai ashirin ba. Ranar Malam ya ba su darasin farko: kowa ya zana ƙwallo, hoto bayan hoto, har idan aka kunna a ga yana tsalle.

Yaron da ake kira Bahago, don da hagu yake zane, ya kunna nasa. Ƙwallon ya faɗo tim ya tsaya. Yarinyar da ke gefensa ta toshe baki tana dariya.

"Wannan ai dutse ne ka jefo," ta ce. "Idan ƙwallo ya bugi ƙasa sai ya ɗan lotsa, sannan ya miƙe. Kawo in nuna maka."

Ta karɓi alƙalamin zanen kwamfutar daga hannunsa ta gyara. Shi dai bai kalli ƙwallon ba. Auta suke ce mata a gida, shi ma daga ranar haka ya riƙa kiranta.

Ita Allah ya ba ta gane motsi: yadda kafaɗa ke sauka idan mutum ya gaji, yadda gefen riga ke biyo mai ita a makare. Shi kuwa launi ne nasa, zai zana bango da taga har ka ji kamar ka jingina. Kujerarsu ɗaya, kwamfutarsu ɗaya, don na'urorin ajin ba su isa kowa ba.

Da yamma yakan turo mata saƙo: "Autata, yau mutumin da na zana ya yi tafiya kamar wanda kunama ta harba. Ki zo gobe da wuri ki cece shi."

Ita kuma ta mayar: "Zan cece shi, Bahagona. Kai ne dai ban san wa zai cece ka ba."

Babanta mai kantin magani ne, kuma ya daɗe yana so ta zo ta riƙe masa kanti. Da ƙyar Inna ta roƙar mata shekara guda. "Idan ta wuce ba aikin, shi ke nan," in ji shi.

Shekarar na gab da ƙarewa wani kamfanin katun ya ce zai ɗauki ɗalibi. Suka haɗa ƙarfi suka yi ɗan gajeren fim: tsohuwa na shanya wanki, iska na ƙwace mata zani. Shi ya yi tsakar gidan da hasken rana, ita ta yi tsohuwar da iskar. Auta ta zana har yatsunta suka yi kanta. Da Malam ya gani sai ya sake kunnawa.

Kamfanin ya kira Bahago shi kaɗai.

Ta yi ƙoƙarin taya shi murna. Amma da ta ga fim ɗin a shafin kamfanin da sunansa kawai a ƙasa, sai ta ɗauki waya. Ta rubuta masa: "Ashe iskar ma kai ka zana. Allah ya sanya albarka."

Ya amsa: "Don Allah ki bari in zo in yi miki bayani, ba abin waya ba ne."

Ta toshe lambarsa.

Ya zo har gida, Baba ya tare shi a ƙofa.

"Samari, mece ce sana'arka?"

"Baba, katun nake koyo. Muna sa zane ya yi motsi."

"To madalla. Motsin nan yana kaiwa ga tukunya?"

Bahago ya sunkuyar da kai.

"Ka ci mata shekara guda, ya isa. Akwai ɗan aminina, ma'aikacin banki, shi nake mata fata. Kada in sake ganinka a nan."

Auta ta koma kanti. Tana miƙa maganin tari, tana ɗaure ƙwayoyi a leda, tana share kwalabe. Ma'aikacin bankin yakan zo ya zauna a benci, mutumin kirki ne, sai dai ranar da ya ga tana zana hannun wani kwastoma a bayan kwali ya yi murmushi ya ce, "Har yanzu ba ki daina wasan yara ba?" Daga ranar ta daina. Bayan wani lokaci ta faɗa wa Inna ba za ta iya aurensa ba, Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta.

Shekaru suka tafi a haka. Idan ƙannen maƙwabta suka kunna katun sai ta tashi ta bar ɗakin. Ta rame, ta rage magana, Inna ta yi ta tambaya ko wani abu ke mata ciwo.

Wata rana Malam ya shigo kantin sayen maganin hawan jini. Ya tsufa. Ya ce ya rufe ajin, ba masu zuwa.

"Yaron nan fa?" ta tambaya, idonta a kan leda.

"Bai faɗa miki ba? Tun ranar farko ya ce wa mutanen kamfanin motsin duk aikinki ne, su ɗauke ki su bar shi. Suka ce ba sa neman mai zana motsi, manhaja suka saya tana yi musu. Mai launi kawai suke so. Ya ce ba zai iya rubuta miki wannan a waya ba. Ya yi ta rigima a kan su sa sunanki har suka sallame shi. Kamfanin ma yanzu babu shi."

Auta ta dafa kanta ta zauna a kan kwali. Duk shekarun nan tana zaton an sace mata gurbinta ne, ashe gurbin ma babu shi tun farko.

Ta sami Bahago a wata rumfa a bakin titi, yana rubuta allon wani mai gyaran taya, fenti har gwiwar hannu.

"Ka yafe min," ta ce.

"Autata, ni ne na kasa faɗa miki. Na ga yadda kike son abin."

"Kana zane har yanzu?"

Ya nuna allon da burushi. "Ga shi nan. Tayoyi ne, amma ba sa juyawa."

Ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, ya tsaya ya rasa inda zai sa hannunsa mai fenti.

Wannan karon da ya je gidansu, Baba ya ba shi kujera. Mai rubuta allo sana'a ce da ya gane, har ya ce allon kantinsa ma ya koɗe. Auta na jin su daga ɗaki. Ta san sai da burinsu ya mutu sannan aka buɗe musu ƙofa, kuma ba ta da ƙarfin yin fushi.

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Abin da kuka nema bai samu ba, Allah ya musanya muku da mafi alheri."

Ba ta taɓa zaton ya lura ba. Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, mata na cewa kukan amarya ne.

A mota Bahago ya riƙe hannunta da hagunsa, ya matse a hankali.

"Amin," ya ce, "ko da alherin bai zo da wuri ba."

"Amin," in ji Auta.