Farin Hijabi a Kan Darni

A Kiyako akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari, amma taurin kai, sai dai a yi shiru! In ka ce mata gabas, yamma za ta nufa.

Ita aka zaɓa ta yi jawabin maraba ga baƙin makaranta ranar Litinin. Malama Edith, malamar ajinsu, ta ce, "Ki zo da hijabinki fari tas."

Ranar Lahadi aka tashi da ruwa. Gari ya yi sanyi, rana ta ƙi leƙowa. Da ruwa ya tsagaita, yarinya ta wanke hijabinta. Igiyar rumfa kuwa ta cika da kayan ƙaninta jariri. Sai ta nufi darnin kara.

Innarta ta ce, "Ke, kada ki shanya a nan. Jiƙaƙƙen kara jan ruwa yake fitarwa. Jira in kwashe kayan jariri."

"Haba Inna! Duk rani a nan nake shanya."

"Rani daban, damina daban."

"Ni dai a nan zan shanya. Kara ne fa, ba rini ba!"

Inna ta ce, "To. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Yarinya ta baza hijabi, ta yi tafiyarta tana turo baki.

Da la'asar aka yi yayyafi. Ta fito da gudu ta ɗauke hijabin. Wayyo! Layi-layi ja sun kwanta a jikinsa, daga wuya har ƙasa.

"Zai fita," in ji ta. "Ba sai an taimake ni ba."

Ta dirza da sabulu. Ta sake dirzawa. Ruwan sanyi ya sa yatsunta suka ƙage, tabo kuwa ko gezau. Nan fa ido ya raina fata. Hijabin nan shi ke nan gare ta.

Ta je ta durƙusa gaban Inna, hawaye na zuba. "Inna, ki yi haƙuri. Na ƙi jin maganarki."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta yanka lemon tsami, ta matse a kan tabon, ta jiƙa hijabin a ruwan ɗumi. Suka wanke tare, suka shanya a igiyar rumfa inda iska ke ratsawa.

Da safe hijabi ya bushe. Tabo ya fita, saura ɗan kaɗan a gefe.

Yarinya ta tsaya gaban baƙi ta yi jawabinta da murya sama. Aka yi ta tafi raf-raf.

Malama Edith ta taɓa gefen hijabin ta ce, "Wannan fa?"

Yarinya ta yi murmushi ta ce, "Ladan taurin kaina ne, Malama. Na daina."

Yara, in babba ya ce bari, ku bari. Ya riga ku ganin damina.