Kwaɗuwar Tafki da Jemagen Rimi

A can wani zamani an yi wani tafki da ya kusa ƙafewa. Kwaɗuwa ɗaya ce ta rage a cikinsa, don masu bandar kwaɗi sun kwashe danginta kaf. A bakin tafkin akwai tsohon rimi mai kogo, inda 'yan jemagun da suka saura suke kwana.

Kullum da almuru wani jemage yakan sauko shan ruwa, su taɓa hira.

Kwaɗuwa takan ce, "Maƙwabci, kai ka huta, kana da fiffike. Ni in ruwan nan ya tafi, na tafi."

Jemage yakan ce, "Haba maƙwabciya, ke da kike zuba ƙwai kamar gero? Mu ɗa ɗaya tak muke samu a shekara. In rimin nan ya tafi, mun tafi."

Ran nan da rana tsaka, jemagu na barci, sai ga mutum biyu da damin ciyawa da garwashi, za su toshe kogon su tura hayaƙi. Kwaɗuwa ta lafe cikin laka. In ta yi shiru, ba mai sanin tana nan. In ta yi shiru, ba mai fita daga kogon da rai.

Ta kumbura wuya, ta yi ƙara, ta sake yi, ta sake yi, har jemagu suka farka suka watse sama.

Babban cikin mutanen ya juyo ya dubi tafkin. Ya ce, "Ashe da saura."

Ya ajiye garwashin, ya naɗe ƙafar wando, ya shigo cikin lakar a hankali.