Noman Ranar Talata

Tombo ya fara ganin Soazara ne daga cikin ruwa. Ya ɗago kai da dogon guntun dutsen murjani da ya haƙo daga ƙasan teku a hannu, ita kuma tana cikin jirgi ta miƙo hannu biyu.

"Wanne ne saman?" ta ce.

"Ni na san ruwa. Sama da ƙasa aikin masu boko ne."

"In ka juya min shi, shekara talatin ka kifar. Koma ka toshe ramin da siminti, kifi marar kunya."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Malama.

'Yar garinmu ce, ɗiyar Bezandry mai gonar kanumfari. Ta yi karatu a birnin Toamasina, ta dawo da masu binciken da ke huda dutsen murjani a inda kogi ke shiga teku. Dutsen yana ƙara layi ɗaya kowace shekara. Shekarar da aka yi ruwa da yawa, kogi ya kwaso ruwan daji ya zuba masa, layin shekarar yakan yi haske in an haska shi da wata shuɗiyar fitila. Da haka suke ƙirga damunan da babu mai rai da ya gani. Tombo suka ɗauka don riƙe injin hudar a ƙasan teku, saboda ba wanda ya kai shi nutso.

Cikin wata biyu saƙon waya ya fara yawo tsakaninsu.

"Kifina, ka ci abinci ko ruwan gishiri ka sha?"

"Malama, na ci. Ban ƙoshi ba, ban gan ki ba."

Da magana ta kai kunnen Bezandry, bai ma daina shanya kanumfarinsa ba.

"Jikan Lemena? Gara in ba kada ita."

Kowa a garin ya san dalili. Ba a taɓa gonar shinkafa ranar Talata, kakanni sun hana. Shekara arba'in da uku da suka wuce, Lemena ya shiga tasa ranar Talata ya gyara kunyar gona. A makon nan kogi ya ɓalle, ya tafi da gida goma sha ɗaya, har da uwar Bezandry da ƙanwarsa. Lemena ya mutu ba wanda ya ɗauki gawarsa sai matarsa Mboty da ɗanta. Tun daga nan ba a cin abincin gidan. Mboty ce ta raini Tombo.

Akwai kuma Jaofeno, mai babur, dillalin vanila, wato kayan ƙamshi, wanda Bezandry ke so ya ba wa 'yarsa. Shi ne ya ce wa Tombo a bakin kasuwa, "Ka gaishe da Kaka. Ka ce mata gobe Talata, ta ɓoye fartanya, muna da yara ƙanana." Aka yi dariya. Tombo ya wuce.

Wata rana da tsakar rana Soazara ta kira shi rumfar aiki, ta ce ya zo da kakarsa. Ta rufe ƙofa da bargo, ta jera yankan murjanin a kan tebur, ta kunna fitilar.

"Kaka, ga shekarar ambaliyarku." Ta nuna wani layi mai haske. Ta ja yatsa ƙasa. "Ga wata. Ga wata. Bakwai ne kafin taku, uku sun fi ta girma. Wannan ko uban mijinki ba a haifa ba."

Mboty ta daɗe tana kallo. Ta shafa dutsen kamar mai shafa kan jariri.

"Ashe ruwa ne kawai," ta ce. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da Tombo bai taɓa ji ba. Da ta fito sai da ta bi ta tsakiyar kasuwa, hanyar da ta daina bi tun tana da ƙuruciya.

Washegari aka kawo Bezandry. Ya ƙirga layukan da kansa, har sau biyu.

"Bakwai," ya ce. "To, su ma wani ne ya yi noma ranar Talata."

"Baba!"

"Yi min shiru. Na tura ki makaranta ki koyo aiki, kin dawo kina wanke wanda ya kashe kakarki." Ya juyo ga Tombo. "Kana son ta? Ka kawo bijimin sa. A yanka gaban dutsen kakanni, ka tsaya ka faɗa da bakinka cewa Lemena ne ya jawo ruwan, ka roƙi gafara. Tsohuwar ta zauna a gaba ta ji. In ba haka ba, Jaofeno ya riga ya yi magana."

Kwana shida Tombo bai amsa wayarta ba. Ta ɗauka ya haƙura da ita. Rana ta bakwai ta rubuto:

"Kifina, ni na san gaskiya, kai ma ka sani, a rubuce take za ta shiga littafi. Kalma biyar ce. Ka faɗa kawai. Matacce ba ya jin zafi, ni ina ji."

Ya amsa: "Matarsa tana da rai."

Ta ce: "Ni ma."

Ya sayar da kwalekwalensa ya sayi san.

Ranar yanka gari ya taru. Aka zaunar da Mboty a tabarmar gaba. Tombo ya dafa wutsiyar san kamar yadda ake yi, ya ce, "Kakana Lemena ya jawo ruwan."

"Ba mu ji ba a nan baya!" in ji Jaofeno.

Ya sake faɗa da ƙarfi. Bai kalli tabarmar gaba ba. Soazara ma ba ta kalla ba. Aka yanka, aka raba nama, mutane suka ci na gidan Lemena karo na farko suna santi.

Bayan sati uku aka yi biki. An dafa shinkafa tukunya goma, an sha barasar rake, an yi rawa. Soazara ta yi kyau. Tombo ya riƙe hannunta, ta matse nasa, kuma son da ke tsakaninsu bai ragu ba, wannan zan iya rantsewa.

Da aka zo sa albarka, Bezandry ya yayyafa musu ruwa ya yi tasa. Sai Mboty ta karɓi ƙwaryar. Ba ta yi magana da jikanta ba tun ranar yanka. Ta jiƙa ganye ta yayyafa wa amarya, ta yayyafa wa ango.

"Ubangiji ya ba ku maza bakwai, mata bakwai. Ya ba ku shinkafa, ya raba ku da kogi." Ta miƙa wa Soazara ƙwaryar. "In yaran suka tambayi waye Lemena, kada ɗayanku ya amsa. Ku kai su wurin dutsen murjanin nan naku. Shi ba ya neman aure."

Jama'a suka amsa da amin.