Fuskar 'Yar Direba

Da hantsi wani direban babbar mota ya faɗo caji ofis yana jan wata tsohuwa da gefen mayafi. A ɗaya hannunsa akwai 'yar robar man shafawa.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan! Ta ƙona min 'ya!"

Sufeto ya ɗago kai. "Sake ta tukuna. Sa'ar uwarka ce."

Tsohuwar ita ce Inna Mai Man Shafawa. Unguwar duk ta san ta. Da ganye take haɗa man ƙuraje a gidanta, kuma ba a taɓa kawo ƙararta ba. Yau jama'a sun fasa mata tukwane, saura kaɗan su taɓa lafiyarta. Sufeto ya sa Kofur ya ajiye ta a bayan kanta, don a nan ta fi tsira. Idan laifin ya tabbata, gidan yari ne makomarta.

Asibiti Sufeto da Kofur suka fara zuwa.

Yarinyar shekararta shida. Da nas ta ɗaga auduga, Kofur ya juya baya yana salati. Fatar goshi da kumatu ta saluɓe, ja wur. Haka wuya, haka bayan hannu. Uwar tana zaune a gefen gado, hannuwanta cikin mayafi, tana kuka ba sauti.

"Me ya sa aka sayi man?" in ji Sufeto.

"Ƙuraje ne, Yallaɓai," in ji uwar.

"A fuska?"

"A'a. A baya da bayan gwiwa."

Ya sa nas ta juya yarinyar. Bayan sumul. Ƙurajen sun bushe, ba ƙuna ko ɗigo. Sufeto ya daɗe yana kallo.

"Wa ke shafa mata?"

"Kakarta. Ni ban taɓa buɗe robar ba."

Daga nan suka ɗauki Inna zuwa gidanta. Tsakar gidan kaca-kaca. Ganyen darbejiya da na zogale da ta shanya a inuwa duk an tattake su.

"Nuna min yadda kike yi," in ji Sufeto.

Ta nuna masa. Ganye sai ya bushe ƙarau, don ɗanye yana sa mai ya ruɓe. Ta jiƙa shi a man kwakwa, ta ɗora a kan tururi, ba a kan wuta kai tsaye ba. Ta tace da farin ƙyalle. Ta narka man kaɗe da kakin zuma, ta haɗa, ta zuba a robobi da zafinsa.

"Ba na juya shi bayan na zuba, ɗana. Haka yake daskarewa."

Kofur ya tsinto roba biyu da suka tsira. Sufeto ya buɗe. Kore ne, mai tauri, sai an kankara da farce. Ya buɗe wanda direba ya kawo. Wannan ya yi fari-fari, ya yi laushi, ga sawun cokali a ciki. Warinsa ya sa masa hawaye.

Inna ta lakato na robarta ta goga a fuska har gefen ido. Ta miƙa hannu za ta taɓa ɗayan. Sufeto ya janye.

"Bar shi, Inna. Fuska ɗaya ta ishe mu yau."

A bakin titi akwai shagon kayan kwalliya. Mai shagon saurayi ne mai gashi a murɗe. Sufeto ya ajiye masa robar a kan kanta.

"Ka san wannan warin?"

"Ni? Turare da hoda kawai nake sayarwa, Oga."

"Kofur, duba ƙarƙashin kanta."

Kofur ya jawo kwali cike da kwalaben man bilicin, wasu ko takarda babu a jikinsu. Ya buɗe ɗaya ya kai hanci, ya yi atishawa.

"Oga, wannan ai ko tayar mota zai mayar fara."

Saurayin ya fara gumi. "Manya nake sayar wa, wallahi. Har na gaya mata ba na yara ba ne."

"Wa ka gaya wa?"

Ya gane ya yi suɓul da baka. Ya zauna a kan benci.

"Wata mata ce. Ta ce in ba ta mafi ƙarfi. Ta tambaye ni ko zai kama jikin yarinya in an sirka da wani mai."

"Tsohuwa?"

"A'a. Matashiya ce."

Sufeto ya sa aka tattara kwalin da mai shi, aka kai su caji ofis tare da Inna. Daga nan suka wuce gidan direba. Kakar tana kan tabarma, hannuwanta sun kanannaɗe da ciwon gaɓoɓi. Ko murfin robar ba ta iya juyawa ba da ya ba ta.

Suka koma asibiti. Direban yana tsaye a kan 'yarsa.

"An rufe tsohuwar?" ya tambaya.

Sufeto ya wuce shi. Ya tsaya gaban uwar.

"Malama, fito da hannunki."

"Yallaɓai, sanyi nake ji."

"Fito da shi."

Ta fito da na hagu. Ya jira. Da ta fito da na dama, yatsu biyu sun yi fari fat, fatarsu ta ɗaye har gaɓa.

Direban ya kalli yatsun, ya kalli fuskar 'yarsa. Ya dafa bango.

"Ke?"

Ta zube ƙasa. "Ba ƙona ta na so yi ba! Kaɗan na so ta yi haske. 'Yan uwanka kullum suna tsokana, wai wannan baƙar daga ina na samo ta, duk danginku farare ne. A gabanka suke faɗa, kana dariya!"

"Wasa ne fa," in ji shi, da ƙyar. "Wasa suke yi."

"Ta ce min yana yi mata zafi. Na ce ta daure, aiki yake yi."

Nas ta toshe baki da hannu. Wata mata a gadon kusa ta ja ɗanta jikinta.

"Kuma kina ji aka fasa gidan tsohuwa, kika yi shiru," in ji Sufeto. "Tashi."

Bai sa mata ankwa ba sai da suka fita daga idon yarinyar.

A ƙofar caji ofis suka haɗu. Kofur yana fito da Inna, Sufeto yana shiga da uwar. Uwar ta sunkuyar da kai. Inna ta tsaya, ta dube ta daga sama har ƙasa. Kowa ya zaci zagi ne zai biyo baya.

"Idon fa?" in ji Inna. "Ya taɓa mata ido?"

"Bai taɓa ba," in ji Sufeto.

"To, alhamdu lillahi."

Ta gyara mayafinta ta sauka. Kofur ya buɗe ƙofar ƙarfe, uwar ta shiga.